Aiken da Ya Buɗe Bakin Jikata a Finland

Jikata ta farko a hannuna aka yaye ta. Ranar da aka kawo ta Madarumfa tana goye a bayan ƙanwar uwarta, tana tsala ihu unguwa na ji, na karɓe ta na ce mata, to ƙawa, kin zo gidan da ba a lallashi. Ƙarya nake yi, na lallashe ta har sai da ta gaji da ni. Ubanta shi ne ɗana na fari, ba na faɗin sunansa, kuma ba don na riƙe alƙalami ba ne zan fara yau. Ita ma 'yar fari ce, uwarta ba ta iya yi mata wasa a gaban mutane, ko sunanta ba ta kamawa. Haka muka tarar ana yi, shi ya sa aka kawo mini ita, lokacin kuwa saura kaɗan in ajiye aikin koyarwa in zauna gida.

Uban ya tafi ƙasar Finland karatun daji da itatuwa. Na tambaye shi ko itatuwanmu na nan sun ƙare ne, ya yi dariya ya ɗauki jakarsa. Karatu ya ƙare, aiki ya samu, matarsa ta bi shi, suka haifi biyu a can. Ita kuwa babbar tana wurina tana cin kifin tabki tana tsawo, tana yi mini tsiya safe da yamma, don tsakanin kaka da jika babu shamaki. Ta ce haƙorana sun tafi kasuwar Maraɗi ba su dawo ba, ni kuma in ce mata mai kai kamar tulu. Ban taɓa riƙon yaro mai surutu irinta ba. Tun daga kunun safe take farawa, labarin akuyar maƙwabta, labarin wadda ta faɗi a bakin famfo, labarin mafarkin da na tabbata ba ta yi ba. Amma da zarar babba ya yi sallama, sai ta durƙusa ta gaishe shi ta sunkuyar da kai, ba ka ƙara jin ta sai ya fita. Ni na koya mata haka, kuma har yau ban ga laifinsa ba.

Tana wajen shekara tara takardunta suka fito. Uban ya zo da damina, gero ya fara fitar da kai, ya kwana biyu ya ce za su wuce. Na raka su tashar Maraɗi. Ita murnar shiga jirgi take yi, ni kuma ina ta gyara mata ɗankwalin da bai kwance ba. Da na dawo gida na rasa abin yi da kaina, na share tsakar gidan da na riga na share da safe.

A can aka sa ta wani aji na yaran da suka zo daga wasu ƙasashe. Shekara guda suke yi a ciki suna koyon harshen ƙasar, wanda ni na raɗa wa suna Finlanci, daga nan a haɗa kowa da sa'o'insa a ajin 'yan gari. Ban damu ba ko kaɗan. Yarinyar da ta kwashe Faransancin lakwal, makarantar bokonmu ta nan, kamar tana shan ruwa, wane harshe ne zai gagare ta? Sai bayan wasu watanni uban ya kira ni, na ji muryarsa ba daidai ba tun daga gaisuwa.

"Inna, yarinyar ga ta ƙi magana."

"Wace yarinya?"

"Taki. Tun da anka sa ta lakwal ba ta ce uffan ba. Tana rubutu, tana gane duk abin da anka ce mata, in an ce ta ɗauko abu ta ɗauko, amma baki ya ƙi buɗewa."

Na ce masa ko dai wata suka ɗauko a filin jirgi suka bar tawa. Bai yi dariya ba. Ya ce malamar ajin ta yi haƙuri iya haƙuri, amma in shekara ta ƙare a haka ba za a haɗa yarinyar da sa'o'inta ba, kuma za a fara kai ta wurin masu duba yaran da magana ke yi wa wuya.

"Ni kuwa ba ni son a riƙa yawo da ita ana dubawa kamar marar lahiya," in ji shi. "In har ƙarshen shekara ba ta yi ba, zan maido miki ita, ta ci gaba da lakwal ɗinta nan."

Ba zan ɓoye ba, daɗi ne ya fara kama ni. Kafin ya ajiye waya na riga na ga inda zan shimfiɗa mata tabarma, na ga mu biyu muna tsinke zogale tana ba ni labarin Turawa. Na wuni da wannan daɗin. Sai da na zauna bayan la'asar na dube shi da kyau, na ga abin da ke ƙarƙashinsa. Yarinya za ta dawo a matsayin wadda ta kasa, ƙannenta su girma ba su san ta ba, uwarta ta zame mata murya a waya, ni kuwa ba yarinya ba ce, ban san kwanan da ya rage mini in riƙe ta ba. Ina son ta dawo, kuma na san dawowar ba alheri ba ce gare ta. Da abubuwan nan biyu na yi ta zama duk tsawon wannan shekarar.

Maganar ba ta kwana ba ta zagaye unguwa, don ni ma bakina ba ya riƙe abu. Kowa ya kawo tasa. Wata ta ce sanyi ne ya riƙe mata muƙamuƙi, wata ta ce kewa ce, a bar ta za ta warware. Wata tsohuwa dangin marigayi mijina, daga garin Sarkin Yamma, cikin mutanen da har yanzu ke kan al'adar kakanni, ta taso takanas ta kawo mini wani ƙullin saiwa ta ce a jiƙa a ba ta, yana kwance harshe. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, don tafiyar da ta yi ba ƙarama ba ce. Ban dai gaya mata ba a san yadda za a jiƙa shi a Madarumfa a sha a Finland ba.

Akwai itacen dogon yaro a ƙofar gidana, ƙarƙashinsa ne kaɗai rezon waya ke kamawa sosai, nan nake kai kujera duk Asabar mu yi waya da ita. A waya kuwa bakinta lafiya lau. Ta ba ni labarin ƙanƙara, da rana da ke faɗuwa tun ba a tashi daga makaranta ba, da wani baƙin burodi mai tsami da ta ce ko akuya ba za ta ci ba. Na bari ta gama, sannan na ɗauko muryar da na yi shekaru ina tsorata 'yan aji da ita.

"Ke, an ce mini kin zama bebiya. Ran Litinin ki buɗe baki ki yi magana, kina ji na?"

Shiru. Yarinyar da ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba, ta yi mini irin shirun da take yi wa baƙi. Nan na gane na taka inda ba a takawa, na sauke murya na koma tsokana, na ce ko Finlancin ne ke da ƙaya yana soke harshe. Da ƙyar ta dawo.

"Kaka, ba ki san yadda take yi ba," ta ce. "Sai ta zo ta durƙusa gabana, ita babba, ta sa idonta cikin nawa, ta ce mi nike so, mi nike gani. Sai ta yi shiru tana jirana. Duk aji su juyo."

"To ki hwaɗa mata mi kike so."

"Ni? In dubi malama in ce mata ga abin da nike so? Kuma yara sunanta suke kira gatsal, ba malama, ba madan, ba komi. Ni ba ni iyawa."

"A gida hwa?"

"Wa zan yi ma? Mama ba ta hira da ni. Ƙannena in na ce abu sai su yi dariya su maimaita."

Na ajiye waya raina a ɓace, ban ma san da wa nake fushi ba. Ita malamar, kirki take yi mata, irin kirkin ƙasarsu, yarinyar kuma ladabi take yi, irin namu, kowa na yin daidai abin yana ƙara lalacewa. A lakwal ɗinmu ba a tambayar yaro abin da yake so. Malami ya faɗa, aji ya amsa gaba ɗaya, muryarka ta shige cikin ta mutane. Can kuwa an ware ta ita kaɗai ana jiran ta buɗe cikinta ga babba.

Malamar ce ta nemi a haɗa ta da ni, ba ni na nema ba, wannan ladan nata ne. Ta ce wa uban tana so ta ga wadda ta raini yarinyar. Ranar na ɗaura zanen fita na yafa mayafi mai kyau kamar mai zuwa suna, na kore awaki daga gindin dogon yaro na zauna. Aka haɗa mu a waya mai hoto, ni da ita, ɗana yana fassara. Mace ce da ta manyanta, gashi gajere fari, ko ɗan kunne babu. Gaisuwarta kalma ɗaya, ta gama. Ni kuwa na gaishe ta da aiki, da gajiya, da sanyi, da iyali, da haƙuri da yaranmu. Na ji ɗana ya dunƙule duk wannan cikin kalma biyu, na ce masa ya warware ya faɗa mata ɗaya bayan ɗaya, ba bakinsa ne zai ƙare ba. Ya faɗa, ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai, fuskarta ta yi ja.

Ta zayyana mini abin da ta gwada. Hotuna, waƙa, 'yar tsanar da ake zura wa hannu ta yi magana, zama bibbiyu, har ta ba ta na'ura ta je gida ta naɗi muryarta ita kaɗai, na'urar ta dawo babu komai a ciki. Ta ce ba ta son tilasta mata, don yaron da aka tilasta ƙara rufewa yake yi. Na tuna tsawar da na yi ran Asabar, na gyara mayafi. Sannan ta yi tambayar da ni ban yi wa kaina ba. Ta ce, a can wurinku, yaushe yarinyar take magana da wani babba wanda ba ke ba?

Na buɗe baki zan ce ba ta yi, sai na tsaya. Tana yi mana, kullum ma, in na aike ta.

Yaronmu ba ya iya duban babba ya ce ina son kaza, amma aike shi ko gidan liman ne, zai shiga da sallama ya durƙusa ya ce wai in ji kaka, ya zuba magana tiryan-tiryan ba gargada. Maganar ba tasa ba ce, ɗauko ta ya yi, saboda haka babu kunya a ciki, in ma akwai rashin kunya na wanda ya aiko ne. Tun daga ƙofar gida yake maimaita ta a hanya kamar waƙa don kada ta zube, in ya isa ya sauke, a ɗora masa amsa ya juyo. Jikata kuwa duk unguwa an san ta da wannan, har aron ta ake yi, don ba amsar kaɗai take kawowa ba, har da muryar mai amsar da yadda ya karkace baki.

Kuma na san abin yana aiki da baƙon harshe, don na gani da idona. Lokacin da nake koyarwa a Safo, daga baya a Gabi, ajin 'yan shekarar farko ake ba ni, yaran manoma da ba su taɓa jin Faransanci ba sai a rediyo. In na tsayar da yaro shi kaɗai na ce ya yi magana, sai ya zama gunki, majina na zuba ba ya ko sharewa. Amma in na ce ya je ya gaya wa dirakta, shugaban lakwal, alli ya ƙare, na faɗa masa da Faransanci ya maimaita, sai ya tafi yana tsalle ya sauke ta cif. Ban karanta wannan a littafi ba, ban kuma taɓa ɗaukarsa wata dabara ba, ƙiwar tashi daga kujera ce ta sa na fara.

Na bayyana wa malamar duk wannan, ɗana na fassarawa. Da ya gama ta yi shiru, dogon shiru, har na ɗaga wayar sama na zaci rezo ne ya ɗauke. Ashe tunani take yi, haka suke. Ta ce su ba sa aiken yara, duk saƙon da ke tsakanin malamai a na'ura yake tafiya, amma babu dokar da ta hana. Sai dai abu ɗaya ya dame ta. Maganar da yarinya ta ɗauko ba tata ba ce, ita kuwa so take ta ji abin da ke ran yarinyar daga bakinta. Na ce mata gaskiya ba ni da amsar wannan, ni dai na san yadda ake sa baki ya fara motsi. Ta ce to, a fara daga nan.

Mako ya zagayo ɗana ya kira ya ce an gwada, bai yi ba. An aike ta wurin matar da ke dafa wa 'yan makaranta abinci, ta je ta dawo ba ta ce komai ba. Na ji wani abu ya motsa a raina wanda ba baƙin ciki ba ne, na yi a'uziyya na kore shi. Ran Asabar na tambayi yarinyar da kanta.

"Mi anka ce ki ce?"

"Ba a ce in ce ba. Takarda tab ba ni."

"Takarda?"

"Ta rubuta, tac ce ko da zan manta. Na kai na miƙa, matar ta karanta tac ce to, na dawo."

Na yi dariya har sai da tari ya sarƙe ni. Baiwar Allah, don tausayi ta rubuta mata, kada ta je ta tsaya ta rasa abin faɗi. Ba ta san in takarda ta tafi baki ya huta ba. Na kira ɗana na ce ya gaya wa malamar ta ɓoye alƙalaminta. Ta kira yarinyar gefe, ba gaban aji ba, ta faɗa mata saƙon ta sake faɗa, in ta iya ta maimaita ko da raɗa ne. Kada ta kalle ta cikin ido tana yi, ta dubi taga ko ta yi kamar tana gyara littattafai. Sannan ta ce mata, je ki ce in ji ni. Kuma saƙon ya zama mai neman amsa, don kada a dawo hannu biyu.

Labarin karo na biyu daga bakin jikar na ji shi, kuma na sa ta maimaita mini har ta gaji. Saƙon shi ne gobe ajinsu zai makara zuwa cin abinci, za su je ɗakin karatu na gari, ko za a iya ajiye musu nasu.

"Kaka, tun daga bene nike ta maimaitawa, ina sauka ina hwaɗi. Na shiga madahi na iske ta, wata ƙatuwa da farar hula, tana juya tukunya. Sai na durƙusa."

"Madalla."

"Ba madalla ba. Tana ganina ƙasa ta yar da ludayi ta rugo, ita ma ta durƙusa tana taɓa mini goshi, ta zaci ciwo ya kada ni. Mu biyu a ƙasa. Na ga in ban yi sauri ba za ta kira likita, sai nac ce wai in ji malama, na zuba mata."

"Duka?"

"Duka, ko ɗaya bai zube ba. Tac ce to, za ta ajiye, amma a gaya ma malama kihi ne, in ya huce ba ruwanta."

Ta hau bene da amsar, ta shiga aji, ta tsaya gaban malamar ta sauke da muryar mai abincin, ƙatuwar murya daga ciki, har da ɗaga kafaɗa wurin ba ruwanta. Aji ya kwashe da dariya. Ta ce ta tsorata, sai ta ga malamar ma dariya take yi tana share ido. Ranar suka fara jin muryarta, watanni bayan zuwanta, kuma ba ma tata ba ce, ta aro ce.

Daga nan malamar ta karɓi abin ta kai shi inda ni ban taɓa kai shi ba. Kullum akwai aike, yau wurin mai abinci, gobe wurin mai gyaran ƙofofi da fitilu, jibi wurin ma'aikaciyar jinya ta makarantar. Amma ta bi su a ɓoye ta shirya da su, duk wanda aka kawo wa saƙo ya yi tambayar da babu amsarta a cikin saƙon. A aike ta a ce malama na son takarda mai kauri, sai a ce mata wane launi. Da farko komawa take yi ta tambayo, ta hau, ta sauko. Malamar ba ta hana ta ba, ta bar bene ya yi aikinsa.

"Benen nan da tsawo, Kaka," ta ce mini wata Asabar. "Na gaji da hawa da sauka. Da matar da ke ba da takarda tac ce wane launi, sai nac ce ja."

"Malama ta ce ja?"

"Ni nac ce. Ja ya hi kyau."

"In ta yi hwaɗa hwa?"

"Ba ta yi ba. Tac ce don mi ja, nac ce don hurannin da za mu yanka. Tac ce daidai ne."

Na jinjina wa malamar nan a raina. Shekara da shekaru ina aiken yara wurin dirakta, ban taɓa tunanin in bar rami a cikin saƙo don yaro ya cike da nasa ba. Ga shi yarinya ta faɗi abin da take so, ta kuma faɗi dalili, a gaban babba, ba ta ma lura ta yi ba. Ban nuna mata ba, don kada ta farga ta koma gidan jiya.

Abu ɗaya na ƙara daga nan gindin dogon yaro. Jikata ta gaya mini sauran yara sun fara ƙorafi, kowa so yake a aike shi. Na ce wa uban ya gaya wa malama, a wurinmu yarinya ba ta cika tafiya aike ita kaɗai ba, sai ta biya ta ɗauki 'yar rakiya, kuma a hanya ake yin hirar. A haɗa ta da wata, amma 'yar gari, ba baƙuwa irinta ba. Malamar ta nemo wata daga ajin da za a kai jikata in ta haye, yarinya mai gilashi, wadda aka ce malaminsu ya gaji da cewa ta yi shiru. Ashe su ma suna da masu surutu, ɓoye su suke yi. Aiken da ake yi cikin ɗan lokaci ya koma sai an bi sawunsu, a tarar da su zaune a kan matakala.

Zafi ya shigo Madarumfa, tabki ya ja baya, masunta na bin ruwa can tsakiya. Can kuma jikata ta ce ƙanƙara ta narke, rana ta ƙi faɗuwa. Wayarmu ta Asabar ta fara gajarta. Tana cikin ba ni labari sai wata kalma ta Finlanci ta faɗo, ta tsaya tana laluben ta Hausa, in ce mata sannu Baturiya, ta ce in bari ta koya mini ko zan waye. Ta fara shiga ajin 'yan gari wasu darussa, lissafi da zane da motsa jiki, sauran lokaci tana ajinsu na baƙi.

Dab da ƙarshen shekararsu uban ya kira. Wannan karon tun daga sallama na ji amsar a muryarsa.

"Inna, an gama. Malama ta ce in an dawo hutu za ta shiga aji da sa'o'inta. Ba maganar kai ta wurin kowa. Tac ce in yi miki godiya ƙwarai."

"Ita ke da godiya."

"Ba sai na maido ta ba ke nan."

"Alhamdu lillahi," na ce, kuma har zuciyata na faɗa. Na dama fura na raba wa maƙwabta sadaka, na aika wa tsohuwar Sarkin Yamma goro da labarin cewa harshe ya kwance. Bayan kowa ya watse na shiga ɗaki na zauna bakin gado na yi kukana, na wanke fuska na fito. Murnar gaskiya ce, kukan ma gaskiya ne, ban ga dalilin zaɓen ɗaya ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya na kai kujera wurin da na saba. Tana cikin ba ni labarin wani ruwa da za a kai su wanka, tana cewa bai kai tabkinmu ba amma ya fi shi sanyi, sai na ji ƙararrawar ƙofa. Ta ce, "Kaka, ina zuwa," ta jefa wayar kan kujera. Ba na ganin komai sai farin rufin ɗaki da gefen fitila, amma ina ji. Ƙawar ce ta zo, mai gilashi. Suka fara, wannan ta faɗa wannan ta katse ta, dariya, gardama, muryar tawa ta fi ƙarfi. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma na san inda take tsokana, na san inda take shirga ƙarya, na san inda aka kama ta tana musu. Na matso da wayar kusa da kunne na yi ta saurare. Mai tallar kifi ta zo ta yi sallama, na ɗaga mata hannu ta wuce. Can na ji ƙarar takalma, ƙofa ta rufe, muryoyin suka yi nisa.

Na zauna da farin rufin nan a hannuna ban kashe ba. Sai ga fuskar uwarta ta leƙo.

"Inna, kina nan? Ai ta hita, sun tahi wasa. Ta manta da ke. Bari in leƙa taga in kira ta."

"Ƙyale ta," na ce. "Kada ki kira ta."

Muka gaisa da uwar, na tambayi ƙanana, ta kashe. Na ɗauki kujerata na shiga gida, na hura wuta na ɗora tukunyar mutum ɗaya.